Daga Gamkalle zuwa bakin tekun Lome: a wace unguwa baƙo zai sauka?

Abin da ya jawo wannan rubutu wata gardama ce da aka yi a majalisarmu ta shayi a nan Gamkalle, bayan sallar isha'i, inda muke shimfiɗa tabarmi muna fuskantar kogin Isa. Ɗan maƙwabcina, wanda bai daɗe da kama aikin gwamnati ba, shi ne ya zo da fara'a ya ce an sa sunansa cikin waɗanda za su je wani taro na kwana biyar a Lome, babban birnin Togo. Bai taɓa ganin teku ba. Ya miƙo mani salularsa ya ce: "Baba, dubi inda zan sauka." Na duba, sai ga hoton wani otel, ga itatuwan kwakwa, ga rairayi, ga ruwa har iyakar ganin ido. Kafin in buɗe baki, wani Alhaji da ke zaune kusa da ni, wanda ya shekara fiye da ashirin yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwan Lome, ya karɓi wayar, ya karanta sunan unguwar, ya yi dariya har sai da ya ajiye kofinsa. Ya ce: "Yaro, taro aka aike ka ko kamun kifi? Tsakanin wannan wuri da zauren taronku, kuɗin babur kaɗai ya isa ya cinye maka guzuri." A ganin Alhaji, ɗan Nijar ba shi da masauki a Lome in ba Zongo ba. Yaron kuwa ya ce shi bai yi shekaru yana karatu don ya je ya kwana cikin buhunan albasa ba.

Kowanensu yana da gaskiyarsa, kuma kowanensu ya yi kuskure. Da yake ni ma na sha zuwa garin, wani lokaci da takardar aiki, wani lokaci da kuɗin aljihuna, na ga ya kyautu in shimfiɗa maganar a nan, domin kuwa ba wannan yaro kaɗai ba ne ke shirin tafiya.

Da can Kwatano ce ƙofar tekunmu ta farko: a bi Doso, a bi Gaya, a ƙetare gada zuwa Malanbil, a miƙe kudu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta rufe mana iyakoki, kuma ko da ta ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe gadar Gaya ta ɓangarenta ba. Sai kaya masu yawa suka karkata zuwa Lome, manyan motoci suna ratsa Burkina ta Kaya da Dori su shigo ta Tera cikin ayari, da rakiyar sojoji. Ƴan kasuwa da yawa da suka san Kwatano kamar tafin hannunsu sun wayi gari baƙi ne a wani birni. Ma'aikata kuwa dama sun saba da Lome, tun da a can ne bankin BOAD da bankin BIDC da Ecobank suke da cibiyoyinsu, kuma a can ne kamfanin jiragen sama na ASKY, wanda ya fara aiki a 2010, yake da mazauninsa. Mai niyyar bin ƙasa, ya fara zuwa tashar mota ya tambayi halin da hanya take ciki a wannan makon, kada ya dogara da labarin wanda ya je bara.

Kafin a zaɓi ɗaki sai an san yadda garin ya kwanta. Lome ta jingina da teku ta kudu, ta jingina da Gana ta yamma, har ma mutum yana iya takawa da ƙafa daga tsakiyar gari zuwa bakin iyakar Aflawo. Wata babbar hanya ta bi gaɓar teku tun daga iyakar har tashar jiragen ruwa can gabas. Wata kuma, da ake kira titin 13 ga Janairu, ta zagaye tsohon gari kamar rabin faifai, bakinta biyu suna taɓa teku. A cikin wannan rabin faifai ne babbar kasuwa da ofisoshin gwamnati suke. Bayansa akwai wani dogon tafki, in an ƙetare shi sai a hau tudun Tokwen, inda filin jirgin sama yake, daga nan kuma gari ya yi ta miƙewa arewa har Agwe. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa huɗu a kansa, wato teku da rabin faifai da tafki da hanyar arewa, ba mai babur ɗin da zai yi ta yawo da shi.

Bari mu fara da Zongo, tun da Alhaji ya girme mu. Tun kafin a san wani abu wai shi otel, kakanninmu fatake suna sauka a Lome, kuma ba su kwana a titi ba. Akwai mai gida. Bafatake ya zo da shanu ko goro ko albasa, mai gida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi ciniki bashi, shi kuma ya samu la'adarsa. Ba a rubuta komai, amma ba a cika cin amana ba, saboda wanda ya ci amanar baƙo ɗaya labarinsa zai riga shi isa Maraɗi. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya rubuta littafi sukutum a 1983 a kan waɗannan attajirai na Zongon Lome. Tsohon Zongon yana dab da tsakiyar gari ne. A 1977 hukuma ta rushe shi, aka kwashe mutanensa zuwa arewa, wajen kilomita 15 daga gari, aka gina manyan bankuna a yankin. Ma'aikacinmu da ke shiga waɗannan gine-gine da taye a wuya, ya sani cewa watakila a nan kakansa ya taɓa ɗaure jakinsa.

Zongon yau, wanda ake kira Agwe-Zongo, yana kan hanyar da ta nufi arewa, kuma mutumin Yamai in ya sauka can sai ya ji kamar bai bar gida ba. Hausa da Zabarmanci ake yi, ga Kotokoli mutanen Sokode waɗanda yawancinsu Musulmi ne, ga masallatai, ga tuwo da fura da tsire, ba mai buƙatar tambayar wanda ya yanka naman. Wuraren da manyan motocinmu ke tsayawa kafin su kama hanya suna wannan shiyya, kuma dandalin masana'antu na Adetikofe, wanda aka buɗe a 2021 da wurin ajiyar kwantena da na tsayawar motoci, yana gaba kaɗan a kan hanyar. Haka nan an yi wata hanya da ta zagaye gari ta haɗa tashar jiragen ruwa da arewa ba tare da an kutsa cikin kasuwa ba. Saboda haka ɗan kasuwar da damuwarsa ita ce direba da lodi da ranar tashin ayari, Zongo ne wurinsa, kuma a nan ne zai ji labarin hanya tun bai shiga rediyo ba.

Amma fa akwai abin da Alhaji bai faɗa wa yaron ba. Gidan mai gida ba a biyan kuɗin ɗaki, sai dai ana biyan wani abu da ya fi kuɗin ɗaki: sirrinka. Kowa zai san abin da ka zo saye, da nawa ka zo da shi, da wanda ka gana da shi. In mai gidanka ya haɗa ka da wani dillali, kunya ba za ta bar ka ka nemi wani ba ko da ka ga farashinsa ya yi tsada. Sannan wanda aikinsa ke tsakiyar gari, kullum safe sai ya ratsa cunkoson hanyar arewa, ya isa zauren taro da ƙura a riga. Wani abu kuma, wasu sassan wannan shiyya suna cikin kwarin kogin Ziyo, kuma ruwa yana shigarsu in damina ta yi ƙarfi. Mu mutanen Gamkalle da muka ga abin da kogi ya yi a 2020 ba sai an koya mana duban gindin bango ba: in ka ga zanen ruwa a jikin katanga, ka san abin da yake nufi. A Lome babbar damina daga Afrilu zuwa Yuli take, ƙarama kuma wajen Satumba da Oktoba.

Sai gabas, inda hoton yaron ya fito. Tashar jiragen ruwa, wadda ƴan kasuwarmu ke kira por, an buɗe ta a 1968, kuma zurfin ruwanta shi ne ya sa manyan jirage suke iya tsayawa. Kewayenta akwai ofisoshin duwan da na tiransite da filayen tsofaffin motocin Turai. Wanda ya zo fitar da kwantena ko sayen mota, ya nemi ɗaki a nan kusa, don kuwa takarda ɗaya tana iya sa ka kai da komowa sau uku a yini, kuma kowace rana da kayanka suka ƙara bayan wa'adin da aka ba ka, kuɗi ne ke hawa kansu. Na san wanda ya yi tsimin jaka biyar a kuɗin ɗaki, ya sauka nesa, ya isa an rufe ofis ranar Juma'a, kayansa suka kwana har Litinin. Bai so a ƙara tuna masa lissafin ba.

In an wuce por ana shiga Bagida da Abefozo. Nan ne otel-otel na shaƙatawa suke, masu rumfunan ciyawa a bakin ruwa. Ba zan ɓoye ba, wurin yana da daɗi. Iska tana kaɗawa dare da rana, ana gasa kifi ɗanye da aka fito da shi yanzu, mutumin da ya baro zafin Afrilu na Yamai sai ya ji kamar an sauke masa kaya daga ka. Wanda ya zo hutu da iyalinsa, ko ya gama cinikinsa yana da kwana biyu a hannu, ya je. Sai dai hoto ba ya faɗin shekarar da aka ɗauke shi. A wannan gaɓa igiyar ruwa tana tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Da aka gina katangar duwatsu ta por, sai ta tare shi: rairayi ya taru ta yamma, bakin tekun cikin gari ya yi ta faɗi, ta gabas kuwa teku ta shiga cin ƙasa. Madatsar ruwan Akosombo da Gana ta gina a kan kogin Bolta a shekarun 1960 ita ma ta rage yashin da ke gangarowa. Tsohuwar hanyar Lome zuwa Aneho sai da teku ta haɗiye ta, aka ja da ita baya, ta sake haɗiyewa. Don haka otel ɗin da aka nuna maka da fili mai faɗi a gabansa, kana iya zuwa ka tarar da tarin duwatsu da buhunan yashi, ruwa yana dukan katanga. A tambaya kafin a aika kuɗi.

Ga ma'aikaci mai taro, amsar tana cikin rabin faifan nan ko bakinsa. A nan ne otel ɗin 2 ga Fabrairu yake, mai hawa 36, wanda aka buɗe a 1980, ya yi shekaru a rufe, aka gyara shi aka sake buɗewa a 2016. Ana hango shi daga ko'ina, shi ya sa ko ba za ka kwana cikinsa ba yana da amfani: in ka ɓata, ɗaga kai. Sunansa da na otel ɗin Sarakawa, wanda ke bakin teku a kan hanyar por, labari ɗaya suke bayarwa. Ranar 24 ga Janairun 1974 jirgin shugaba Eyadema ya faɗi kusa da ƙauyen Sarakawa a arewacin ƙasar, ya tsira, ranar 2 ga Fabrairu ya dawo Lome. Waɗannan manyan gidaje na wanda masu taro suka ɗauki nauyin kwanansa ne. Wanda aka damƙa wa kuɗin misyo a hannu aka ce ya ji da kansa, ya yi lissafi tun a Yamai: kwana nawa, ci nawa, babur nawa, da abin da zai rage na tsarabar uwar gida, wadda ba ta san wani abu wai shi tsadar otel ba. A unguwannin Nyekonakfowe da Kojobiyakofe, ta wajen iyakar Gana, da kuma gindin tudun Tokwen, akwai ƙananan otel masu tsabta waɗanda daga cikinsu ana isa unguwar ofisoshi cikin ƴan mintoci. Kuma kada ya manta ya karɓi takardar biya mai hatimi. Ma'ajin ma'aikatarsa ba zai karɓi rantsuwa ba.

Hajiyoyinmu masu sarin atamfa su ma tsakiyar gari ce tasu, kusa da kasuwar Adaulato, inda matan nan da ake kira Nana Benz suka yi suna da dukiya a cinikin atamfar Holan. Babban ginin kasuwar ya ƙone a Janairun 2013, amma ciniki bai bar titunan da ke kewaye ba. Mai gwanjo kuwa kasuwarsa Hejiranawe ce, can wajen filin jirgi.

Yanzu bari in ba da nawa labarin, don kada a ce ina wa'azi ne daga kan tudu. Zuwana na farko da dare na isa, a gajiye, ban tanadi masauki ba. Na ce wa wani mai babur, waɗanda a can ake kira zemijan, ya kai ni otel mai araha kusa da kasuwa. Ya kai ni inda yake da la'ada. Na biya kwana uku a dunƙule saboda an ce za a rage mani, ban ko hau na ga ɗakin ba. Da na shiga, katifa da danshi, famfo ba ya kawo ruwa, taga kuma tana kallon wata mashaya da ba a kashe kiɗa ba sai da aka yi kiran assalatu a wani masallaci mai nisa. Tsakar dare na fahimci cewa yawancin masu hawa da sauka a matakala ba kwana suka zo yi ba. Ina zaune bakin gado da jakar kuɗin mutane a ƙarƙashin cinyata har gari ya waye. Da na nemi a mayar mani da kuɗin kwana biyu, sai mai karɓar baƙi ya nuna mani wata takarda a bango. Don ƙarin abin dariya, na fita da sauri kada in makara, na tsaya a ƙofar ofis awa guda cur ina zargin mutanen Togo da lalaci, ashe agogona ne ke kan lokacin Yamai. Muna gabansu da awa ɗaya.

Tun daga ranar ba na biyan fiye da kwana ɗaya sai na kwana na tashi. Ina hawa in ga ɗakin da idona, in murɗa famfo, in kunna fanka ko na'urar sanyi in ji ƙararta, in tambaya ko akwai injin wuta, in shinshina katifa, domin danshin teku yana ruɓar da abin da a Yamai zai shekara goma. Ina leƙa taga in ga maƙwabta: mashaya ce, ko majami'ar da ake kwana ana waƙa, ko makaranta. Ina tambayar mai gadi inda masallaci mafi kusa yake, kuma sau da yawa sai in tarar mai gadin ko mai tsiren bakin titi ɗan Filinge ne ko ɗan Dogon Dutsi, daga nan kuma an gama, shi zai gaya mani gaskiyar gidan da ta unguwar. Kuɗinsu sefa ce irin tamu, babu wahalar canji. A riƙe fasfo ko katin ɗan ƙasa da katin allurar shawara a jiki, a kuma yi cinikin babur kafin a hau. Mai salula ta zamani yana iya kiran babur ko taksi ta Gozem, wanda ya fara aiki a Lome a 2018, ya ga farashi tun bai hau ba. Abinci kuwa, shinkafa da wake da suke kira ayimolu da tuwon masara da sakwarar doya duk ba baƙinmu ba ne, sai dai a wajen Zongo a tambayi irin naman da ke cikin miya, kuma kifi ya fi kwanciyar rai.

Saura ita tekun kanta, kuma a nan ina roƙon iyaye su karanta wa ƴaƴansu. Yaron Gamkalle yana tashi ne a ruwa. Yana iyo tun yana ƙarami, tsakanin masu wanki da majema da masu lambu, yana ganin kansa ɗan sarkin ruwa. To kogi daban, teku daban. Kogi gefe ɗaya yake ja, ka san inda ya nufa, in ka bi shi a hankali zai kai ka gaɓa. Tekun Lome kuwa gaɓarta tana da gangare, igiya tana faɗowa da nauyi ta buga mutum ƙasa, sannan ruwan da ke komawa ya janye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya tafi da shi ciki. Saboda wannan haukan igiya ne Jamusawa, bayan sun mayar da babban birninsu Lome a 1897, suka gina gadar ƙarfe mai shiga cikin teku a 1904 don a iya sauke kaya, Faransawa kuma suka yi tasu a 1928. Ƙarafunan da suka rage suna nan tsaye cikin ruwa ana ganinsu daga bakin kasuwa. Dubi ƴan garin ranar Lahadi: suna cika rairayi maƙil, ana ƙwallo, ana kiɗa, ana shan ruwan kwakwa, amma kaɗan ne ke wuce gwiwa. Mai son iyo ya nemi otel mai tafkin wanka. Kuma in rana ta faɗi a bar bakin tekun cikin gari, musamman mai ɗauke da salula da kuɗi. Wannan gargaɗi su kansu mutanen Lome ne ke fara yi wa baƙo.

Yaron ya tafi ya dawo. A ƙarshe wani ƙaramin otel ya samu a Nyekonakfowe, ya ce da ƙafa yake zuwa taro in bai makara ba. Ranar Juma'a da aka rufe taron ya hau babur har Zongo, ya kai wa mai gidan Alhaji ƙunshin kilishi da gaisuwa, aka tsare shi sai da ya ci tuwo sau biyu, aka kuma yi masa faɗan me ya sa bai sauka gida ba. Ranar Asabar ya je Abefozo neman otel ɗin hoton nan. Ya same shi, ya sha lemo a rumfar, ya naɗe wando ya shiga ruwa iyakar idon sawu, igiya ɗaya ta zo ta tafi da takalminsa na dama.

Ya kawo mana ruwan teku cikin gorar roba. Aka zagaya da ita a majalisa kowa ya ɗanɗana ya tofar. Alhaji bai karɓa ba, ya ce shi ya sha rabonsa tun 1998. Abin da ya tambaya kawai shi ne nawa yaron ya biya kowane dare, da aka faɗa masa kuma sai ya kama haɓa, ya juya ya ce wa mai shayi ya ƙara masa na uku.